Alhaji Ya Naɗa wa Bututu Rawani

Hajiya: Alhaji, an ce yau da dare sanyi zai sauka ƙasa da sifili. Ka sayo igiyar lantarkin nan da ake manna wa bututu ta riƙa ɗumama shi.

Alhaji: A nan Houston ta jihar Texas a Amurka? Garin da muke kunna fanka a Disamba? Ni da na ci hunturun Kano da 'yar shara?

Hajiya: Hunturun Kano leɓe yake fasawa. Nan ruwa ke daskarewa ya kumbura, ya tsaga bututu.

Sai ga maƙwabci Bazazzagi, wanda ba ya shigowa sai ana zuba shayi.

Bazazzagi: Dala 30 ce fa, ranka ya daɗe. Ka shimfiɗa ta a jikin bututun, kada dai ta hau kan kanta, sai ta ƙone. In sanyi ya kai wajen digiri 3, da kanta take kunnuwa.

Alhaji: Da kanta? A gidana? Ta sha mini wuta ba sallama?

Bazazzagi: To bar famfo ya kwana yana ɗiga.

Alhaji: Mita na ƙirga ɗigon?

Bazazzagi: Tana ƙirgawa.

Alhaji: Ashe kai ma da bakinka.

Ya shige ɗaka ya ɗauko tsohon rawani, ya naɗa wa famfon waje, har da kunne biyu. Famfo ya fito sak hakimi ranar hawan sallah. Bututun da ke cikin rufi kuwa, inda magina a nan ke son bi da shi don sun ɗauka sanyi ba ya zuwa, ko gaisuwa bai samu ba.

Washegari da hantsi, rana ta fito, silin ya fara tsiyaya a kan kujerar Alhaji.

Hajiya: Ga hunturun Kano nan.

Alhaji: Je ki duba na wajen. Ya fashe? Rawani ya yi aikinsa.

Bazazzagi: Mai gyara ya ce layi ya yi tsawo, sai mako mai zuwa.

Alhaji: Kuma ko na sayi igiyar taku, a Fabrairun 2021 ba kwana da kwanaki Texas ta yi babu wuta ba? Da me za ta yi zafin? NEPA ce ta samu biza ta biyo mu.

Bazazzagi: Jiya dai ba a ɗauke ba.

Alhaji: Wa ya tambaye ka? Hajiya, tara baho, ruwan nan na riga na biya kuɗinsa.