Gyambon da ya bushe ba lalle ya warke ba

A unguwanninmu na Zango, daga Aboabo zuwa Asawase, idan aka ga gyambo a ƙwaurin yaro, abin da ake yi sananne ne. A sayo kafso a shagon magani, a ɓare a barbaɗa garin a kai, a shafa shuɗin maganin nan, a ɗaure da tsumma. Bayan 'yan makonni ya bushe, uwa ta ce Alhamdu lillahi. Wasu gyambunan sukan warke da gaske, amma akwai wanda wannan dabara ke ɓoye shi kawai, wato ciwon da likitoci ke kira yos, wanda a nan Kumasi aka fi sani da gyato.

Ƙwayar da ke kawo shi 'yar'uwar ta tunjere ce, sai dai ba ta hanyar jima'i ake ɗauka ba. Fata ce ke shafar fata: yaro mai ƙurji ya yi kokawa da wanda ƙaya ta karce, shi ke nan. Shi ya sa yawancin masu fama da shi ba su kai shekara 15 ba. Kamar mako uku bayan kamuwa sai wani tsiro mai gurje-gurje ya fito, galibi a ƙafa, da ɓawo rawaya a kansa, ƙudaje na binsa, kuma ba ya yi wa yaron zafi sosai. Ko ba magani yana iya bushewa, alhali ƙwayar tana nan cikin jini. Bayan watanni ta dawo da ƙuraje a jiki, tafin ƙafa ya tsattsage har yaro ya riƙa takawa a karkace, yatsu su kumbura, ƙashi ya yi ta ciwo da dare. A wasu, bayan shekaru, takan cinye hanci ko ta lanƙwasa ƙashin ƙwauri.

Za a ce ai ciwon ƙauye ne. Gaskiya ne, ya fi yawa a yankunan daji masu damshi. To amma su wa ke gonakin koko da goro? 'Yan'uwanmu ne. Can muke tura yara hutu, daga can ake kawo mana almajirai da 'yan riƙo.

Abin takaicin shi ne magani ba ya wuya. Tsakanin 1952 da 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yi wa mutum wajen miliyan 50 allurar fenisilin a ƙasashe 46, ciwon ya ragu da kashi 95 cikin ɗari. Sai aka saki jiki, ya sake tsirowa, Gana na cikin ƙasashen da ya fi yawa yau. A 2012 binciken da aka yi a Papuwa Niyu Gini ya nuna shan wani magani mai suna azithromycin sau ɗaya tak yana aikin allurar. Indiya ta samu shaidar rabuwa da shi a 2016. An sa 2020 a matsayin shekarar kawar da shi, aka kasa, yanzu an koma 2030.

A ganina inda muke kuskure shi ne kallon ciwon a matsayin na yaro guda. Idan an yi wa ɗaya magani aka bar ƙannensa da abokan kwanansa a tabarma ɗaya, waɗanda ƙwayar ke kwance a jikinsu ba alama, an yi aikin baban giwa. Kuma kada kowa ya ruga ya sayi azithromycin da kansa. Akwai wata ƙwaya daban mai kawo gyambo kusan iri ɗaya, sannan an riga an ga gyaton da ya fara bijire wa maganin a Papuwa. Ɗigon jini daga yatsa ya isa a yi gwajin farko a asibiti.

Akwai kuma maganar aure. Gwajin jini na yau da kullum ba ya bambanta gyato da tunjere, don haka wanda ya yi gyato yana yaro zai iya ganin sakamako mai tayar da hankali ana gab da ɗaura masa aure. Malamanmu da ke neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Allah ya saka musu, ya kamata su san wannan, su mayar da maganar gaban likita ya tambayi inda mutum ya girma kafin dangi su fara raɗa.