Masana abinci na taro a otal, wake na shan fiya-fiya a sito

Watan Oktoba shi ne watan hidima a wurin masana kimiyyar abinci na Najeriya. A cikinsa ne ƙungiyarsu ta NIFST, wadda aka kafa a 1976, ta saba yin babban taronta na shekara, kuma a cikinsa ne ake bikin Ranar Abinci ta Duniya, ranar 16 ga wata. Rassan ƙungiyar na arewa sukan haɗa tawaga su tafi duk garin da taron ya faɗa, a gabatar da maƙaloli, a karrama waɗanda za a karrama, a fitar da takardar bayan taro cikin Turanci, sannan kowa ya koma jami'arsa ko kamfaninsa. Tun daga 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da wannan sana'a, wato NiCFoST, zancen rajista da lasisi da girmama ƙwararru ya ƙara samun babban gurbi a jawaban shugabanni. Wannan zance shi ne ya ishe ni, domin kuwa ya nuna inda hankalin ƙungiyar ya karkata, alhali tsarin ayyukanta na shekara a wannan yanki namu bai dace da yadda abinci yake tafiya daga gona zuwa tukunya ba.

Mu duba Oktoban da kansa. A ƙasar Hausa wannan lokaci kaka ce, ana cire gyada ana shanya ta, ana shirin roron wake, 'yan kasuwa kuma suna share sito domin sayen amfanin da za su ajiye har bazara. A makonnin nan ne ake yanke shawarar abin da za a zuba wa buhun wake don kada ƙwari su huje shi, kuma shawarar da ake yankewa a wurare da yawa ita ce fiya-fiya, ko kuma ƙwayar Phostoxin da ake cusawa cikin buhu ba tare da ƙa'ida ba, wani lokaci ma a ɗakin da iyali ke kwana. Ke nan daidai lokacin da manomi da ɗan kasuwa suka fi bukatar masani a kusa da su, a lokacin ne masanin yake cikin zauren otal mai sanyi a wani gari mai nisa, yana sauraron maƙala a kan illar maganin ƙwari a cikin wake.

Illar kuwa ba ɓoyayya ba ce ga duk mai bin labarai. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa, wanda shi ne guban da ke cikin fiya-fiya da Sniper, kuma an yi ta tsawaita haramcin sau da dama. A ƙarshen 2018 wani faifan bidiyo ya karaɗe wayoyin jama'a, inda aka ga ana yayyafa wa wake Sniper a Legas, aka yi ta Allah wadai na 'yan kwanaki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a shagunan unguwa da manyan kantuna. Turawa sun kare kansu da dokar tashar jirgin ruwa, amma waken da suka ƙi karɓa bai ɓace daga duniya ba, shi ne ake yin ƙosai da alala da shi, shi ne ake dafa wa ɗalibai a makarantun kwana.

Abin takaicin shi ne maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa, kuma a maƙwabtanmu aka gwada shi. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, kuma masu bincike na Maraɗi suka yi aiki mai yawa a kansa, buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, sai ƙwarin da ke ciki su cinye sauran iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Yadda aka yaɗa shi daga 2007 shi ne darasin da ya kamata ƙungiyar masana ta haddace. An shiga ƙauye, an tara jama'a a ƙofar gidan mai gari, an ɗaure buhuna a gaban idon kowa, sannan bayan watanni aka dawo aka kwance su a bainar jama'a, kowa ya sa hannu ya damƙi waken ya ga lafiyarsa kalau. Babu wanda ya nemi manomi ya karanta mujallar bincike, kuma a Kano ma ana ƙera buhun. Amma har yau za ka sami mai ajiyar wake da bai taɓa ganin yadda ake ɗaure shi ba, ko wanda ya sayi jabu ya yi asara ya rantse ba zai ƙara ba. Wa ya fi cancanta ya zauna da irin wannan mutum a watan kaka, ya nuna masa bambancin na gaske da na jabu, idan ba reshen ƙungiyar masana abinci da ke jiharsa ba?

Gyada ma haka take. Idan aka tara ta ba ta gama bushewa ba, ko aka shanya ta a ƙasa mai laima, sai fumfuna ta kama ta, ta haifar da guban aflatoxin, wanda ke jawo cutar dajin hanta, wanda kuma suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Ɗan kasuwar da zai sayar wa kamfani yakan sa a tsince masa gyadar da ta yanƙwane ko ta sauya launi, domin ya san za a auna. Wannan tsintacciyar gyada ba a zubar da ita, ana sayar da ita da araha ga matan da ke matsar mai da yin ƙuli-ƙuli a cikin gida, daga nan ta shiga yajin tsire da kwaɗon rama da aljihun 'yan makaranta. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba tun daga tushe, to amma mace mai ƙuli a Dawakin Tofa ko Gumel ba ta da hanyar jin cewa gyadar da ta fi araha ita ce ta fi haɗari, sai idan wani ya faɗa mata da Hausa, a rediyo ko a tsakar gidanta.

Za a ce mini ƙungiyar ba hukuma ba ce, ba ta da ikon kama kowa, aikin NAFDAC ne da hukumar ingancin kayayyaki ta SON da duba-gari. Babu wanda ya nemi ta kama kowa, kuma matar da ke soya ƙuli ba kamu take bukata ba. Za a kuma tuna mini cewa rassa da dama sukan horar da masu sayar da abinci a titi, su kai ziyara makarantun sakandare, su yi tattaki da riguna iri ɗaya a Ranar Kiyaye Lafiyar Abinci ta Duniya, 7 ga Yuni. Gaskiya ne ana yi, kuma Allah ya saka wa masu yi, sai dai yini guda a shekara, da aka zaɓa saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shi, ba zai sauya ɗabi'ar kasuwar da ke ci kullum ba.

A nan ne gardamata take. Abinci a arewa yana da lokutansa na haɗari, kuma kowa ya san su in ban da mai tsara jadawalin ƙungiya. Daga Janairu zuwa Afrilu tumatirin rani yake cika Kadawa da Kura da Garun Malam, farashi ya faɗi warwas, manomi ya rasa yadda zai yi da shi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a wannan lokaci ya ga yadda ake yi: mata da yara zaune da wuƙaƙe suna tsaga tumatir biyu, ana baza shi a kan tsurar ƙasa a gefen titi, ƙurar manyan motoci tana sauka a kansa, awaki suna ratsawa, har ya bushe ya zama kauɗar da za a yi miya da ita idan damina ta zo. Wanda ba a busar ba kuma a danna shi cikin kwandon kaba, a ɗora kwando kan kwando a bayan mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ruwan na ƙasa yana tsiyaya tun kafin a wuce Kaduna. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha rufewa da buɗewa, saboda haka dogaro da ita bai fisshe manomi ba. Ɗaga shanya daga ƙasa zuwa kan gado mai raga, da amfani da akwatin roba maimakon kwando, abubuwa ne da ɗalibin aji biyu a sashen kimiyyar abinci ya sani. Jami'ar Bayero tana da wannan sashe, jami'ar Wudil tana da shi, ta Maiduguri ma haka, ga kuma ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI a cikin birnin Kano. Tsakanin waɗannan wurare da Kadawa tafiyar awa guda ce ga na Kano, amma ilimin ya kasa yin wannan tafiya.

Da bazara ta kankama sai lokacin mangwaro ya zo, da shi kuma da sinadarin kabaid da masu walda ke amfani da shi, wanda wasu ke ƙunshewa a takarda su jefa cikin tarin ɗanyen mangwaro ko ayaba don ya nuna da wuri. NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. A wannan lokaci na zafi ne kuma kasuwar zoɓo da kunun aya da lemon ƙulli take buɗewa, musamman idan azumi ya faɗo a ciki. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da ya lalace da wani sinadari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Matan da suka haɗa wannan lemo ba makasa ba ne, sun sayi farin gari ne a kasuwa kamar yadda suka saba, ba su da hanyar rarrabe na abinci da na masana'anta. Da a ce akwai al'adar cewa duk shekara, kafin zafi ya shigo, masana sukan zauna da dillalan kayan haɗin lemo da ƙungiyoyin mata masu sana'a, da wataƙila wani ya tambayi buhun da babu suna babu kwanan wata a jikinsa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000, kuma masananmu suna son karanto wannan adadi a wurin taro. Karanto shi ga mutanen da suka riga suka san shi bai rage ko mutum ɗaya daga ciki ba.

Na san dalilin da ya sa abin yake haka, kuma dalilin ba ya wanke kowa. Malamin jami'a yana samun ƙarin girma ne da yawan maƙalolin da ya buga da tarukan da ya halarta, ba a ƙirga masa yinin da ya yi a Dawanau ko kasuwar 'Yan Kaba. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin taro manyan masana'antu ne masu son a ga tambarinsu a bayan mai jawabi. Shi ya sa maganar lasisi take da daɗin faɗa, domin tana yi wa matasan da suka gama karatu alƙawarin aiki a masana'anta. To, masana'anta nawa ke ciyar da mutanen Katsina ko Sakkwato? Mafi yawan abin da muke ci yana fitowa ne daga hannun mai fura da nono, da mai kilishi, da mai injin niƙa, da mai gidan burodi na unguwa, waɗanda ba za su taɓa iya ɗaukar ƙwararre mai lasisi aiki ba. Dokar da ta tsaya a ƙofar masana'anta ta bar kusan dukan abincin arewa a waje, kuma ƙungiyar da ta mayar da wannan doka babban abin alfaharinta ta zaɓi ƙaramin ɓangare ta bar babba.

Muna da misali a cikin gida na yadda ake yin abin. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya ɗauki tukunya biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai ga gauta da tumatir da alayyafo suna daɗewa ba su lalace ba, babu lantarki. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda wannan aiki. Abin da ya bambanta shi da sauran masu ƙirƙira shi ne bai tsaya a rubutu ba, ya sa maginan tukwane na gida sun ƙera dubbai, ya raba a ƙauyuka, ya kuma shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana haskawa da janareta da daddare, domin matan da ke cikin gida su gani su fahimta. Mutum ɗaya ne ya yi wannan, ba shi da rassa a jihohi, ba shi da kuɗin rajistar mambobi.

Abin da nake nema daga rassan arewa ba shi da tsada. Su juya jadawalinsu ya bi kaka da rani da bazara da azumi, kowane reshe ya ɗauki kasuwa ɗaya ya lizimce ta shekara guda, a riƙa jin muryar masani da Hausa a gidajen rediyo mako-mako, ɗalibai kuma a ƙirga musu aikin kasuwa cikin makin karatu. Idan kuma babban taron ƙasa ba zai gusa daga Oktoba ba, to a rage girman tawaga, a bar wasu a gida tare da masu ɗaure buhun wake. Ranar da shugaban reshe zai karanta rahotonsa na shekara, mambobi su daina wadatuwa da jerin ziyarar ban girma da aka kai wa kwamishinoni, su tambaye shi sito nawa aka shiga, da kuma 'yan kasuwa nawa suka daina zuba fiya-fiya a dalilin aikin reshensa.