Ranar da na cinye kuɗin marayu da layi ɗaya

Ina da shagon buga takardu kusa da kasuwar Wunti a Bauchi. Yaron shagona kuwa yana da wata cuta: hannu a kwamfuta, ido a waya, sai ka ga "cewa cewa", "kuma kuma". Haka ya cika rahoton ƙungiyar unguwarmu mai shafi 18, ga taro washegari.

Lokacin ban fi mako da koyon regex ba, wato dabarar nemo kalmomi a rubutu da sauya su ta amfani da alamomi, kaina ya kumbura. Na ce masa matsa ka ga aikin manya. Na buɗe manhajar gyara rubutu ta Notepad++, a gurbin nema na rubuta \b(\w+)\s+\1\b, a gurbin sauyawa na sa \1. Wato ka kama kalma, in ita ce ta sake biyowa bayan sarari, ka bar guda. Dannawa ɗaya, an gama. Ko dubawa ban yi ba na buga kwafi 60, na tafi cin masa.

Washegari bayan la'asar, a wurin taro, sakatare ya miƙe yana karantawa: "An amince a ba marayu 40 naira dubu biyar." Wuri ya yi tsit. Shugaba ya zare tabarau.

"Dubu biyar biyar muka ce! Ina sauran?"

Dubu 200 ta koma dubu biyar, kowane maraya naira 125. Ido ya koma kan ma'aji, bawan Allah ya shiga rantsuwa, gumi na keto masa.

Sakatare ya ci gaba. Inda aka ce a yashe kwata maza maza, takarda ta ce a yashe kwata maza. Shugabar mata ta ce alhamdulillahi, dama aikinku ne. Nan fa cikina ya ɗuri ruwa. "Daban-daban" kaɗai ta tsira, saboda yaron ya sa mata karan ɗori, \s kuwa sarari kawai ya sani.

Na ɗaga hannu a sanyaye na ce wa shugaba, "Baba, laifin nawa ne, wata dabara na gwada."

"Ɗana, dabarar nan taka ta taɓa jin Hausa kuwa?"

Daga aljihuna na sake buga kwafi 60. Yaron yana jera takardu, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Oga, ni dai ƙari nake yi, ban taɓa rage wa marayu ko sisi ba."