Daga Kaduna sai ina?

Wata takarda ce a kan teburina a wajen aiki, na jera garuruwa da biro na ja musu layi, Rabat zuwa Tanja, Tanja zuwa Fas, Fas zuwa Kasablanka sannan Marrakesh, gefen kowane layi na rubuta awa nawa jirgin ƙasa zai ci. Hutu muke shiryawa ni da madam, don tunda ta iso Maroko ba inda na kaita sai kasuwa da gidajen 'yan uwanmu ɗalibai. Wani abokin aikina ɗan ƙasar, dattijo ne mai kirki kuma na tabbata ba da wata manufa ya faɗa ba, ya leƙo takardar ya gyara min wuri ɗaya sannan yace ai ku wannan wasan yara ne a wajenku, ƙasa mai man fetur irin Najeriya dole jirginku ya fi namu. Nace eh toh, muna da na Abuja zuwa Kaduna. Yace madalla, daga Kaduna sai ina? Sai na kama inda-inda, ƙarshe na ce masa ana kan aiki.

Wallahi abun ya tsaya min a rai, don da Bajamushe ne ko Bafaranshe ya tambaya sai in ce ai ku Turawa ne kun riga mu, kun kwashi arzikinmu kun gina naku. Amma wannan fa Afirka ce, ƙasa mai mutum wajen miliyan 37, wadda man da take sha ma sayowa take daga waje.

Bari in ɗan nuna muku yadda abun yake. Tashar Rabat-Agdal an gina ta ne a saman layin dogon kamar gada, ka shiga ka ga shaguna da wuraren shan kofi da matakala mai tafiya da kanta, ga babban allo yana nuna jirgi kaza ƙarfe kaza layi kaza, sai ka gangara ƙasa ka tarar da jirginka. Mai gudun sunansa Al Boraq, a watan Nuwamban 2018 aka buɗe shi, hawa biyu ne sama da ƙasa, tikitinka ɗauke yake da lambar tarago da lambar kujera, ba wanda zai ce maka matsa mu zauna mu uku. Tashoshi huɗu kawai yake tsayawa, Kasablanka, Rabat, Kenitra, Tanja. Daga Rabat zuwa Kenitra a hankali yake bi tunda tsohon layi ne, amma yana barin Kenitra sai ya saki jiki har kilomita 320 a awa ɗaya, gonaki suna ta wucewa ta taga, shayin da ke gabanka ko girgiza bai cika yi ba. Awa ɗaya da minti 20 kana Tanja. Kasablanka zuwa Tanja da a da take cin kusan awa biyar yanzu awa biyu da minti 10 ce.

Abin da ya fi burge ni ma ba gudun ba ne, a'a, shi ne mutum ya zauna a ɗakinsa da waya a hannu ya tsara tafiyar da zai yi nan da sati uku, ya san ranar Talata ƙarfe kaza yana gari kaza, kuma ya biya masauki a kan wannan lissafin ba tare da gabansa na faɗuwa ba. Tikitin Al Boraq in ka saya da wuri ya fi araha, in ka bari sai ranar tafiya kuɗin ya hau, don haka shi muka fara saye kafin komai.

Rabon kwanakin ne ya zama kamar rabon gado. Ita madam Shafshawan take so, garin nan mai shuɗin bango da take gani a Instagram, sai muka duba muka ga jirgi ba ya zuwa can, kan duwatsu yake, sai dai a hau bas daga Tanja awa biyu da wani abu. Ni kuma Fas nake so a ba kaso mafi tsoka saboda ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, mutum ya zauna a ƙasar nan bai je zawiyya ya yi sallama ba ai da kunya ya koma Kano. Tace Malam kai ziyara za ka ko hutu za ka kai ni? Nace duka biyun. Aka tsaya a kan za a je Shafshawan a wuni a dawo Tanja a kwana, Fas kuma a daɗe.

Wurin da dattijon nan ya gyara min shi ne Tanja zuwa Fas, yace kar mu tsaya neman tsohon jirgi, mu hau mai gudu mu sauka a Kenitra mu canja zuwa Al Atlas, wato jiragen da ke bin sauran layukan, ya bi da mu ta Meknes zuwa Fas. Su waɗannan wasu taragansu ɗaki-ɗaki ne, mutum shida a ajin farko takwas a na biyu, kuna fuskantar juna, kuma nan ne za ka ga Larabawa da hira, wata tsohuwa ta buɗe leda ta miƙo mana dabino da burodi ba tambaya. Fas zuwa Marrakesh a miƙe ya haura awa shida, shi yasa muka raba ta biyu, a sauka Kasablanka a yi sallah a masallacin Hassan na Biyu wanda aka gama a 1993, rabinsa a kan teku, hasumiyarsa mita 210, a kwana, washegari a ƙarasa Marrakesh cikin awa uku ko ƙasa da haka. Wanda zai bi wannan hanyar ya lura Kasablanka tasha biyu ce manya, Casa Voyageurs ita ce ta dogon zango, Casa Port tana bakin ruwa, kar ɗan tasi ya kai ka wadda ba ita ba. Sai kuma kaya. Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga, lunguna ne matsattsu sai jaki da baro, ai kuwa akwatin madam mai taya sai da muka ɗauki ɗan dako daga ƙofar Bab Boujloud. Ku nemi masauki kusa da ƙofa, ku rage kaya, in ma za ta yarda.

Ba wai aljanna ba ce. Jiragen da ba masu gudu ba sukan makara, lokacin Sallah kuma cunkoso sai wanda ya gani. Baƙar fata a wasu unguwanni yana shan kallo, wani lokaci har da baƙar magana daga yara. Layin ma bai kai ko'ina ba, Agadir babu jirgi, ƙauyukan kan duwatsu da girgizar ƙasa ta rusa a 2023 ko hanyar mota mai kyau wasu ba su da ita, kuma matasansu sun fito zanga-zanga a 2025 suna cewa asibiti da makaranta suke so ba filin ƙwallo ba. Duk na sani. Amma suna ƙorafin ne suna cikin jirgi, kuma a 2025 ɗin aka ƙaddamar da aikin ƙarasa layin mai gudu daga Kenitra har Marrakesh.

Mu fa jirgi ya iso Kano tun 1911. Kakanninmu sun hau zuwa Nguru, sun hau daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, a 1964 ya kai Maiduguri. Da an riƙe wannan kaɗai ko ba a ƙara komai ba, yau ango da amarya sai su tashi daga Kano su kwana Zariya su ga ganuwa, su wuce Kafanchan su haura Jos su sha sanyi. Yanzu fa? Kun san tashar mota, sai ta cika, kun san hanyar da ba a bi bayan la'asar, kun san abin da ya faru da jirgin Kaduna a Maris ɗin 2022. Na Kano zuwa Maraɗi tun 2021 aka aza harsashi muna ta addu'a. 'Yan uwa na Nijar ku ma kun san dogon Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa aka bar wa rana.

Amma in na zauna da gaskiya, ko gobe a kawo mana Al Boraq Kano ban tabbata za mu yi irin wannan tafiyar ba. Mu tafiya sai da dalili, biki ko suna ko ta'aziyya ko duba mara lafiya, kuma duk garin da ka sauka kana da gidan da za a shimfiɗa maka tabarma a kawo tuwo, in ka kama otal ma laifi ne, a ce ka raina mutane. Wannan kam ba jirgin da zai ba ni shi, a Marrakesh muna tsakiyar dandalin Jami'ul Fana cikin hayaƙin gashi da kiɗan 'yan Gnawa, makaɗan gargajiyar ƙasar, ba wanda ya san sunan ubana. Sai dai kuma a gida yaushe miji da mata suka taɓa samun awa uku a jere su biyu kawai, ba ƙanwar miji a kujerar baya ba saƙon kaji a but? A cikin jirgin Fas na fara jin labarin makarantar kwanan da madam ta yi a Kazaure, mace ina aure da ita.

Da na kira Umma nace mata muna Marrakesh, tambayar farko da ta yi ita ce wa ya rasu. Nace ba kowa Umma, yawo kawai muka fito. Ta yi shiru tace toh Allah ya tsare, kuɗin makarantar ƙaninka dai an ce ƙarshen wata za a rufe karɓa. Na riga na tura tun kafin mu taso, ta sani sarai, amma saƙon ya iso. Shi yasa ban saka hoto ko ɗaya a WhatsApp ba, madam ce ta saka bayan ta toshe dangina kaf daga gani.

Hutun da za mu zo gida nan gaba har an fara jera mana gidajen gaisuwa, Fagge, Gwale, Ɗambatta, sai na kawunta a Haɗeja. Ta roƙe ni in cire rana ɗaya tak mu je Tiga mu biyu mu ga ruwa, nace mata insha Allah, amma har yanzu ina neman bakin da zan faɗa wa Umma cewa ranar ba ma nan kuma ba gidan kowa za mu ba.