Motar asibiti ba tasi ba ce

In hatsari ya auku a Yamai, ka ga mai kabu-kabu kwance bakin kwalta, abin da jama'a ke faɗa wa 'yan kwana-kwanan da suka zo da motar asibiti shi ne: "Ku ɗauke shi mana, me kuke jira?" Da yawa sun ɗauka aikin 'yan kwana-kwana, waɗanda ake kira a lamba 18, bai wuce kwasar mutum a ruga da shi asibiti ba.

Tsayawar nan da suke yi ita ma magani ce. Sukan fara duba ko yana numfashi, ko harshe ko jini ya toshe masa maƙogwaro. Sai su danne inda jini ke zuba, don babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa mutum ya cika. Sannan a sa masa abin tallafe wuya, a ɗaga shi gaba ɗaya kamar katako. Wanda ƙashin bayansa ya karye, aka naɗe shi a bayan tasi, yana iya isa asibiti da rai amma ƙafafu sun shanye.

Ruwan da muke ɗura wa mai rauni don tausayi ma, a daina. Yana iya shaƙe shi, ga kuma tiyata wataƙila tana jiransa.