Ba walda ake yi wa murfin gwangwani ba

Yana damuna yadda mutane da yawa ke ɗauka cewa walda ake yi wa murfin gwangwanin abinci, ko gam ake shafa masa. Ba laifinsu ba ne, don bakin a haɗe yake tsaf, kuma a ƙarni na 19 da dalma ake liƙe shi.

Injin rufe gwangwani na yau ba ya narka ƙarfe. Naɗi yake yi. Wani faifan ƙarfe yana danne murfin daga sama, sai 'yar tayar ƙarfe ta zagaya bakin, ta lanƙwasa gefen murfin ya shige ƙarƙashin leɓen gwangwanin, su sarƙe. Taya ta biyu ta biyo baya ta matse su. In aka yanka wurin, za a ga ƙarfe ninki 5, uku na murfi, biyu na gwangwani, kamar kalmasar bakin riga.

Akwai 'yar roba a cikin gefen murfin, amma ba mannewa take yi ba, ƙananan ramukan da suka rage take cikewa. Shi ya sa maƙera injin suka fi mai da hankali kan tazarar tayar da faifan: in ta yi sako-sako, iska da ƙwayoyin cuta su shiga, in ta matse fiye da kima, ƙarfen ya tsage.