Murna da Sifaniyanci: ku daina bi ta Turanci

Ƙanena ya shiga koyon Sifaniyanci a waya, ba don komai ba sai don son Real Madrid. Ranar da ƙungiyar ta ci kofin Zakarun Turai karo na 15 a 2024, ya turo min saƙo: "Soy feliz." Na ce masa, ɗan'uwa, ba ka yi kuskuren da za a dake ka ba, amma abin da ka faɗa ya fi kusa da "rayuwata gaba ɗaya cikin farin ciki take". Kai kuwa ƙwallo aka ci, gobe idan Barcelona ta lallasa ku baki zai koma.

Abin da ke damuna ke nan da yadda yaranmu ke koyon harsunan nan. Komai sai ya bi ta Turanci kafin ya iso gare su, Turancin darasi kuwa kalma ɗaya yake ba su, wato "happy", su yi ta jan ta ko'ina. Alhali Bahaushe tun yana yaro ya san murna daban, farin ciki daban, fara'a daban. Mutanen Sifaniya ma haka suka raba.

Suna da aikatau biyu inda wasu harsuna ke da ɗaya: ser na hali da ɗabi'a (daga shi soy da es suka fito), estar na yanayin da mutum ke ciki yanzu (daga shi estoy da está suka fito). Idan an biya ka albashi, "estoy contento" za ka ce, mace kuma "estoy contenta". Wannan ita ce murna, tana da dalili, tana da lokaci. Idan kana yabon maƙwabcinka mai sakin fuska, "es alegre", wato mai fara'a ne, haka Allah ya yi shi. Amma a kula, ka canja ka ce "está alegre" a wurin biki, wasu za su ɗauka kana nufin ya ɗan kurɓa ne. Liman dai kada a faɗa masa haka.

Kalmar da ta fi tsaya min a rai ita ce albricias. Asalin ma'anarta tukwicin da ake ba wanda ya fara kawo labari mai daɗi, daga baya ta zama abin da ake faɗa da ƙarfi idan alheri ya samu. Daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da bushara. To me muke cewa mu? "Albishirinka!" A amsa "Goro!" A ce "Fari ko ja?" Kalma ɗaya ce, al'ada ɗaya, wata ta tsallaka teku zuwa Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, wata ta ratso Sahara zuwa wurinmu. Musulmi sun shiga yankin a 711, daularsu ta Granada ba ta faɗi ba sai 1492, kusan shekara 800 ke nan, dole harshe ya ɗauki ƙamshi. Yau albricias ta tsufa, an fi cin karo da ita a rubutu. Amma ojalá, wadda ita ma daga Larabci take kuma sunan Allah na cikinta, tana bakin kowa daga Madrid har Meziko idan ana fatan alheri.

A taya murna ma akwai hikima. Enhorabuena, in ka warware ta, "a sa'a mai kyau" take nufi, ana faɗa wa wanda ya ci jarrabawa ko ya samu ƙaruwa. Mu da muke cewa "Allah ya sa a yi a sa'a" ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. "Me alegro por ti" kuwa ita ce "na taya ka murna".

Karin maganarsu na ba ni dariya. Inda muke cewa baki har kunne, ko kamar an ba shi kujerar Makka, su sai su ce "más feliz que una perdiz", wai ya fi makwarwa farin ciki. Me makwarwa ta samu? Amon kalmomin ne kawai ya dace, feliz da perdiz.

Ƙanen nawa yanzu na sa shi ya buɗe littafi, gefe ɗaya Sifaniyanci, gefe ɗaya Hausa, babu Turanci a tsakani. Jiya da aka sanya ranar aurensa ya rubuto "¡Albricias!" Na amsa masa da goro.